Hijabina a Jikin Iyayen Mutane

Ban koyi zane a makaranta ba. A ɗakin baya na situdiyon yayana na koya, a Daura, kan hanyar da ke gangarawa wajen rijiyar Kusugu, a shekarun farko bayan an ƙaddamar da Shari'a. Kafin nan maza da mata ƙofa ɗaya suke shiga, yayana ya ɗauki kowa hoto, har ya gyara wa amarya zaman gyale da hannunsa ba wanda ya ce uffan. Da zamani ya juya, mata suka fara tsayawa daga bakin ƙofa suna tambaya ko akwai mace a ciki. Yayana ba ya wasa da ciniki. Ya rataye labule, ya raba shagon biyu, ya ɗauko ni daga gida ina zaman jiran sakamakon jarrabawa, ya ajiye ni gaban kwamfuta.

Aikin da ya fi kawo mutane ɗakina shi ne wanda muke kira fenti. Mutum zai zo da tsohon hoto, ɗan ƙarami, ya koɗe, wani ma gara ta ci gefensa, ya ce a ƙara masa girma ya rataye a falo. To tsohon hoto in aka ja shi ya yi girma fashewa yake yi, fuskar ta zama dishi-dishi. Maganinsa a mayar da shi kamar zanen da aka yi da burushi. Sai in sa shi a sikana ya hau kwamfuta, in bi fuskar da burushin manhaja ina murza launi a hankali, kunci, goshi, haɓa, har ƙurajen hoton su narke. Idanu nake bari ƙarshe, kuma da ƙyar nake taɓa su, don in ka cika gyaran ido sai ka miƙa wa mutum uwar wani.

Hawa-hawa ake aikin. Ainihin hoton yana can ƙasa ba a taɓa shi. A kansa kake ɗora shimfiɗa kamar farar leda mai nuna abin da ke ƙarƙashi, ka yi fentinka a kanta, ka ƙara wata, ka ƙara wata. Kowace shimfiɗa tana da ɗan hoton ido a gefenta. In ka danna idon, shimfiɗar ta ɓace. In ka sake dannawa, ta dawo.

A lokacin ana ta muhawara a gari kan hoto. Wasu malamai sun ce hoton kyamara inuwa ce aka kama, ba laifi, zanen hannu ne matsalar. Wasu sun ce duk ɗaya ne. Yayana ya iya bakinsa. In mai gemu ya tambaya, sai ya ce ai hoto ne, inji ne kawai ya goge shi. In ɗan boko ne, sai ya ce zane ne irin na ƙasashen waje. Ni da nake yin aikin ba wanda ya taɓa tambayata, kuma da an tambaye ni ban san amsar ba.

Abin da ba mu yi tsammani ba shi ne hijabi. Iyayenmu mata na da can ba haka suka ɗauki hotunansu ba. Zani ne da riga, ɗankwali a ture baya, wata ma kitsonta a waje da 'yan kunne har kafaɗa, tana murmushi ba ruwanta. 'Ya'yansu kuwa yanzu suna jin nauyin rataye wannan inda baƙi za su gani. Sai su ce a sa wa Inna hijabi. Da farko da burushi nake zana shi, yana fitowa kamar buhu. Sai wata dabara ta zo mini. Na sa nawa hijabin, ruwan toka, mai sauka har gwiwa, yayana ya ɗauke ni a zaune, na yanke fuskata na ajiye sauran. Daga ranar duk wadda aka kawo, fuskarta nake zurawa a ciki. Wani lokaci in canza launi, wani lokaci ƙyuya ta hana ni. Har yau akwai falo da yawa tsakanin Daura da Baure da matattu ke zaune a bango cikin hijabina, da ɗan karin guga a kafaɗar hagu.

Wata safiya wani malamin Islamiyya ya zo. Ban ga fuskarsa ba sai ƙafafunsa ta ƙasan labule, da muryarsa, mai sanyi, irin ta wanda ya saba yi wa yara bayani. Ya ce wa yayana hoton mahaifiyarsa ne, kuma mace yake so ta yi aikin, kada namiji ya buɗe ambulan ɗin. Yayana ya miƙo mini ta gefen labule yana kau da kai, har da wuce gona da iri.

Hoto ne baƙi da fari. Wata mata ce zaune a kan tabarma a tsakar gida, bayanta turmi da jikin rumbu. Ɗaurin ƙirji ne a jikinta, ta sassauta shi gefe ɗaya, kai ba ɗankwali. Tana shayar da jaririya. Ba mai ɗaukar hoton take kallo ba, jaririyar take kallo, bakinta a ɗan buɗe kamar tana yi mata magana.

Malamin ya yi bayani daga bayan labule, yana yi yana tsayawa. Mahaifinsu fatauci yake yi ta Kongolam, bakin iyakar Nijar, a can ya taɓa samo kyamara ya kawo gida, wannan kaɗai ya rage cikin abin da ya ɗauka. Mahaifiyar ta rasu kafin ta gama wankan jego. Jaririyar ita ce autarsu, gwaggonsu ta raine ta a garin Babban Mutum, ba ta taɓa ganin fuskar uwarta ba. Shi ya gaji hoton, ya ɓoye shi a akwati duk shekarun nan, don ba ya iya nuna wa kowa shi a haka. Yanzu an sa ranar aurenta, ta kuma roƙe shi abu ɗaya, in akwai hoton Inna a nuna mata kafin ta tafi gidan miji.

"A rufe ta sosai, Malama," ya ce. "Har ƙasa."

Na kalli hoton. In na zura ta a hijabina, jaririyar ta tafi ke nan. Akwai wata hanya, in zana mayafi ya rufe ƙirjin in bar kan yarinyar a waje. Amma kafin in faɗi haka sai na ambaci abin da zan rufe, ga malami, ga yayana a tsakani. Bakina bai iya ba.

"Malam, akwai yarinya a jikinta," na ce.

Na ji yana gyara murya.

"Na sani. Ita ce. A dai rufe."

Shi ma bai iya ba, na gane haka. Mu uku muka tsaya kowa na jin kunyar kowa, maganar ta mutu a nan. Ya ƙara da cewa in na gama in goge wanda na sa a kwamfuta, ya ce shi ma na takardar ba zai bar shi ya faɗa hannun 'ya'ya ba. Ban tambaye shi me zai yi da shi ba.

Na yi aikin yadda ya kamata. Fuskar ta ba ni wahala saboda a sunkuye take, na ɗan ɗago ta don ta zauna a ramin hijabin. Na ba ta launin fata da na kintata, na sa mata labule mai furanni a baya maimakon rumbu. Ta fito kyakkyawar dattijuwa mai kallon ƙasa, kamar mai jin wa'azi. Matar da ke cikin hoton ba ta kai ni yanzu shekaru ba, amma hijabin nan kowa ya shiga sai ya tsufa. Na goge hoton da na sikana kamar yadda aka ce. Fayil ɗin aikin kuwa ya zauna cikin 'yan'uwansa, don ba ma zubar da su, mutane kan dawo a ƙara wanke musu. Malamin ya karɓa a firam, ya yi ta sa albarka. Ya fita da sauri.

Bayan 'yan makonni wata budurwa ta ɗaga labulena da firam ɗin a rungume cikin zani. Doguwa ce, hannunta da sauran jan lalle na wani biki. Ba sai ta faɗa ba, goshin da haɓar na riga na yi kwanaki ina murza su da burushi.

Ta gaishe ni ta zauna a bakin benci. Ba faɗa ya kawo ta ba.

"Anti, ke kika yi wannan?"

Na ce ni ce.

"Na je gidan su ƙawata a nan cikin gari, na ga hoton kakarsu. Hijabin iri ɗaya ne. Har wannan layin na kafaɗa." Ta nuna da yatsa. "Shi ne na ce bari in tambaya. Fuskar dai ta Innarmu ce, ko ita ma ta aro ce?"

Na ji haushi, na kuma ji kunya, haushin ya fi yawa, don ban taɓa aron fuska ba. Na ce mata fuskar uwarta ce, hijabin ne nawa.

"To ita me ta sa?"

Na ce ta tambayi yayanta.

"Na tambaya. Yaya Malam ya ce na asalin babu shi yanzu. Ni ba wani abu nake nema ba, Anti. Ina kallon wannan ne ban jin komai. Na zata in na gan ta zan ji wani abu." Ta juya firam ɗin ta kife a cinyarta. "Wajen haihuwata ta rasu. Ko kallona ba ta samu yi ba. Ina so dai in ga yadda take."

Haka aka gaya mata ke nan. Ba ƙarya aka shirya mata ba, gajarta magana ce irin ta manya, a ce wajen haihuwa don a wuce wurin da sauri. Ta girma da wannan, kuma mutum ɗaya da ke riƙe da shaidar ba haka ba ne, kunya ta ɗaure masa baki.

Na auna maganar malamin. Ya ce kada namiji ya gani, ya ce kada ya faɗa hannun 'ya'ya. Wannan ba namiji ba ce, kuma ba kallon tsiraicin kowa ta zo yi ba. Ban daɗe ina tunani ba. Na leƙa na ce wa yayana kada kowa ya shigo, na ja labule, na nemo fayil ɗin.

Hoton ya buɗe yadda yake a firam ɗinta. Na ce ta matso. Na danna idon shimfiɗar sama, labulen furanni ya tafi, rumbu da turmi suka dawo. Na danna na biye, launin fata ya tafi, fuskar da na ɗago ta koma ta sunkuya, baƙi da fari, da ƙurajenta. Na danna na hijabin.

Ba ta yi motsi ba. Ta kalli kitson, ta kalli wuyan, sannan idonta ya sauka inda idon matar ya sauka.

"Wannan wane ne?"

"Yayanki ya ce ke ce."

Ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Ta ce in ƙara girman wurin. Na ƙara, hoton ya fashe kamar yadda ya saba, amma ana ganin ɗan kan, da kunne, da hannun uwar a tallafe da ƙeya, babban yatsanta a kan kuncin yarinyar. Ta daɗe a haka. Injin janareta yana ta ƙara a waje, yayana yana ciniki da wani a kan hoton fasfo.

"Ashe ta ɗauke ni," ta ce.

Ba da ni take ba. Na shekara ina rufe mutane ban taɓa jin komai ba, ranar na ji tausayi ya kama ni.

Na tambaye ta ko in wanke mata ƙarami ta ajiye a ƙasan akwati. Ta girgiza kai. Ta ce Yaya Malam ya sha nauyin hoton nan shi kaɗai tun yana yaro, ba za ta riƙe abin da zai sa ya kasa haɗa ido da ita ba. Ta goge fuska da gefen hijabinta, ta sake kallo, kallon mai haddacewa.

"Mayar mata, Anti."

Na mayar. Ta ɗauki firam ɗinta ta juyo shi, ta ɗora tafin hannu a kan toka-tokan hijabin, daidai ƙasan ƙirji ta hagu, inda babu komai sai fenti. Sannan ta naɗe shi a zani, ta rungume, ta yi mini sallama.