Yadda Na So In Yi Ƙiba Da Iska

Lokacin da abin nan ya same ni ina matashi mai sabon aure a Illela, Turawa ba su daɗe da zama a ƙasar Sakkwato ba. Siriri ne ni ƙwarai, amma ba abin da nake so kamar kokawa. Duk kaka mutanen Ƙonni sai su tsallako su kayar da ni a gaban matata.

Wata damina wani Baturen gona ya sauka kusa da Kalmalo, yana tuge wake yana duba saiwarsa da madubi. Na tambayi tafintansa me ake nema. Ya nuna mini 'yan gudaji kamar ƙwayar dawa manne a saiwar, ya ce a cikinsu akwai halittun da ido ba ya gani, su ke kamo abinci daga iska su ba wa waken, shi ya sa yake ƙiba ko babu taki. Nan na tsayar da sauraro. Ya ci gaba da bayani, ni kuwa na riga na yi nisa a lissafina: in halittun nan suka shiga cikina, iskar duniya duka ta zama tuwona.

Ban shawarci kowa ba. Na shiga gonarmu na tuge waken da matata ta shuka tsakanin gero, na tsinke gudajin, na dama da tsohon man shanu na shanye. Daga nan na daina cin abinci don kada halittun su yi ƙiwa. Kullum da hantsi sai in hau jigawa in buɗe baki wajen gabas. Da matata ta tarar da ni a haka, ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Kai kuma mi ka kai nan?" Na ce mata kalaci nake yi.

Iska kam ta shiga, amma ba ta zauna ba. Zawo ya kwantar da ni har aka ɗauko ni a kan jaki, ina rungume da wuyansa. Da labari ya kai ga Baturen, an ce ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya aiko tafinta ya gaya mini halittun a saiwar wake kaɗai suke wannan aiki, kuma ba sa raba mutum da tuwo. Shekarar nan ba mu ci wake ba. Matata ta tafi gidansu, sai da baffana ya yi sawu kafin ta dawo. Kokawa kuwa ko filin ban iya zuwa ba.

Yanzu na tsufa, har yau in na tuna waken baiwar Allahn nan sai kunya ta kama ni, don ita ta yi wahalarsa. 'Yan'uwa masu karatu, in mai ilmi yana bayani, ku bari ya kai ƙarshe kafin ku tashi. Ni rabi na ji, kuma rabin nan ya kusa kai ni kushewa.