Kifin da Na Bi Cikin Kogi

Jama'a, yau mutuncina ya zube a Summerfield, garin Turawan da muke zaune!

Maƙwabcina Gary, wani dattijon Bature, ya kai ni kogi kamun kifi da ƙugiya mai gashin tsuntsu. Na kamo ƙato! Gary ya cire ƙugiyar, kawai ya sake shi.

Na ce, "Kai! Farfesuna!" Na faɗa ruwan, ga sanyi. Ya jawo ni yana cewa, "Alhaji, dokar nan a kama a saki ce."

Da yamma sai ga matarsa da kwanon abinci. Ta ce wa matata Hajiya, "In kuna cikin matsi, kada ku ɓoye mana."

Hajiya ta dube ni. "Alhaji, dillalin motoci guda, yau mu ake kawo wa sadaka?"