Iyafis na Takwas

A kasuwar Ataba ta Alƙahira, wata dattijuwa mai baƙar abaya tana tsaye gaban teburin mai sayar da iyafis. Ta cusa na bakwai a kunne ƙarƙashin mayafi, ta runtse ido. Ɗazu ta kunna wani saƙon murya na wayarta a fili: hucin iskar teku ne, da muryar wani saurayi can ƙasa-ƙasa. Ƙila ɗanta ne, cikin masu tsallakawa Turai a kwalekwale.

"Ɗan nan, ba ka da mai cire iska? Wata huɗu ke nan ina son jin ƙarshen maganarsa."

"Hajiya, wallahi iskar a cikin saƙon take," in ji mai teburin.

Ta miƙa masa tafin hannu.

"Ba ni na takwas."