Hoto na Tara

Ranar Talata ce. Da hantsi Inna ta yafa farin mayafinta, ta zauna a ƙofar bukkarmu a unguwar Karantina, can ƙasar Makka, ta ce in ɗauke ta hoto. Shekara shida ina roƙonta tana ƙi. Ranar ta yarda, don ƙanwarta da ke Katsina ta ga tana raye.

Kyamarata ta Jamus ce, mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ba a kai ta fuska. A ƙirji ake riƙe ta, a sunkuya a leƙa ta sama. Kafin irinta ta zo, masu hoto a Bab Makka akwati suke kafawa kan ƙafa uku, su lulluɓe kai da baƙin ƙyalle. Fim ɗinta hoto goma sha biyu yake ci. Na Inna ne na tara. Ta ce in cire in wanke yau. Na ce saura uku, ba zan yi asararsu ba. Tir da wannan rowa tawa.

Ana sallame azahar muka ji ƙugin motoci biyu. Mutanen wani attajiri ne da ke cewa filin nasa ne. Sanduna suka riƙo, da galan na kananzir. A gabansu Haruna maƙwabcinmu ne, yana nuna ƙofofi da yatsa. Ni na ɗauke shi hoton iƙamarsa, takardar izinin zama.

"Yalla! Barra!" suke ta ihu da Larabci, wai mu fice waje.

Suka cinna wuta. Kwanon rufi ya fara ƙara. Hayaƙi ya toshe lungu. Na goya Inna, kyamara tana rataye a wuyana. A bakin titi wani ƙato ya fizge kyamarar. Ya jijjiga ta a kunne, ya ɓalle murfin baya, ya zaro fim ɗin a tsakiyar rana, ya ɗaga yana neman hotuna. Bai ga komai ba. Ya yar a kwata, ya cilla mini kyamarar. Jahilin banza.

La'asar ta same mu a hanya. Ana kiran magariba muka isa unguwar Kurayyat, gidan wani ɗan garinmu. Tarin da hayaƙin ya jawo bai saki Inna ba. Ranar Juma'a muka kai ta makwancinta.

Kyamarar tana nan, ko kwarzane babu. Na ɗauki dubban mutane da ita bayan nan. Ƙanwar Inna ta aiko sau biyu tana tambayar hoton.