Uwar da Ta Fi Sanin 'Yarta a Talabijin

Wata rana wata fitacciyar 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, mai suna Rosalind, ta kama hanyar garinsu don ta duba mahaifiyarta.

An daɗe rabonta da gida.

Ba ƙiyayya ba ce, aiki ne ya sha mata kai. Ana gama ɗaukar fim, wasan dandamali zai taso. Shi kuwa in an fara shi, kullum sai ka hau har wa'adinsa ya cika, ko da zazzaɓi kake. Ana sauke wannan, ga shirin talabijin yana jira.

A shirin nan ta fito a matsayin 'yar da ke jinyar tsohuwar uwarta. Ta haɗa mata shayi, ta taje mata kai. Masu kallo suka sha kuka, aka ba ta lambar yabo.

Uwar tata ta gaskiya kuwa tana gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwa yana cin ta a hankali.

Furanni dai ba sa yankewa, Rosalind tana aikawa. Zuwa ne kullum sai wata mai kamawa.

Da ta shiga ɗakin, ta iske tsohuwa ta ƙura wa talabijin ido, ana maimaita shirin. Ta durƙusa a gabanta, ta riƙe hannunta.

"Mama, ni ce Rosalind. Na zo."

Tsohuwa ta yi mata murmushin da ake yi wa baƙo, ta nuna talabijin.

"A'a, baiwar Allah, ga Rosalind ɗina can. Ita kullum tana zuwa. Ɗan matsa, kin tare mini ita."

Rosalind ta matsa.

Macen da ke zubar da hawaye da zarar darakta ya ce a yi, a ranar ta yi kukan gaske, ta san na fim ba kuka ba ne.

Ta ajiye babban fim ɗin da ke jiranta, ta kama ɗaki kusa da gidan. Kullum tana zuwa ta haɗa shayi, ta taje furfura, ta zauna a gefe su kalli Rosalind tare.

Har tsohuwa ta rasu ba ta sake gane ta ba.

Ta dai kan ce wa masu jinya, baƙuwar nan tana da kirki, kamar 'yarta.

Darasi: Aiki zai iya jira. Lafiyar iyaye da hankalinsu ba sa jiran kowa. Je ka gaishe su tun suna iya kiran sunanka.

Tura wa wanda ya daɗe yana cewa sai wata mai kamawa.