Ƙofar Goggo Asibi a Kan Taswira

Zaituna Muhammad Bashir ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Tun tana ƙarama aka san ta da wannan hali a New Bell. Kakanta fataucin goro ne ya sauko da shi daga Kano har Douala, ya ga teku ya ce tafiya ta ƙare, ya kafa gida a unguwar Hausawa. Ubanta, marigayi, tela ne a kasuwar Nkololoun, mutum mai sanyin magana. Ita kam ba ta gaji sanyin ba. Ta yi boko da Faransanci, ta koyi kwamfuta a wani shagon intanet mai zafi kamar gidan burodi, yanzu kuma tana aiki a ofishin wani mai fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa. Wannan na cin abinci ne. Abin da ke ranta rubuta manhaja ne.

Fushi ne ma ya fara jefa ta cikin harkar taswira. Wata rana ta buɗe taswirar Douala a waya, ta ga manyan unguwanni irin su Akwa da Bonanjo kowane titi da sunansa, har da wuraren ajiye mota. Da ta jawo hoton zuwa unguwarsu sai ta tarar da fili mai launin toka, babu lungu, babu masallaci, babu kasuwa, sai ka ce ba a taɓa haihuwar mutum a wurin ba. Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ta nemi masu yin irin wannan aiki, ta same su: 'yan sa kai ne masu rubuta manhajar taswira wadda ba a ɓoye komai nata, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa ya tafi da ita. Sau ɗaya a shekara sukan yi gayya a wani zaure a Akwa. A jera tebura, a baza wayoyin lantarki a ƙasa, a kawo kofi da fanke, mutanen Yaoundé da na Dakar da 'yan Turai kaɗan su zauna kafaɗa da kafaɗa suna rubutu tare. A can Zaituna ta fara jin cewa kanta yana da amfani ga wani abu ban da takardun kwastan.

Mai riƙe da makullin aikin a Douala Saminu ne. Duk gyaran da za a shigar cikin manhajar sai ya duba ya amince. Ɗan unguwa ne shi ma, bayan babban masallaci aka yanke masa cibi, amma Hausarsa ta gaisuwa ce kawai. Da an shiga magana mai nauyi sai ya zame zuwa Faransanci, ya gyara zaman tabarau.

Akwai wani abu a unguwar da baƙo ba zai gani ba ko da ya shekara yana wucewa. Gidajen a manne suke da juna, kuma a bayan kusan kowane gida akwai 'yar ƙofa a jikin langa-langa ko katanga, wani wurin ma buhu ne kawai aka rataya. Ta nan mata ke bi. Mace za ta fita daga tsakar gidanta ta ratsa na maƙwabta, ta kai gaisuwar haihuwa ko ta aro turmi a can ƙarshen layi, ba ta taka titi ba, ba ta nemi mayafin fita ba. Namiji baligi ba ya bi, ko maigidan ne. Babu wanda ya kafa dokar, kuma babu wanda ya taɓa karya ta.

Ta irin wannan ƙofa Inna Zulaiha, uwar Zaituna, take zuwa wurin Goggo Asibi, yayar mijinta, wadda gidanta ke jingine da nasu ta baya. Tun rasuwar maigidan ba su taɓa cin abincin rana a rabe ba. Inna gwiwarta ta lalace, ba ta iya doguwar tafiya. Goggo kuma ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi. Amma tsakanin kujerar wannan da tabarmar waccan ba nisa, ko da dafa bango ana isa.

A gayyar bara aka rubuta wani sabon sashe na manhajar, kuma Zaituna na cikin waɗanda suka fi zuba masa ƙarfi. Aikinsa shi ne ya karɓi sawun da wayoyin mutane suka ajiye na inda suka taka, inda ya ga an bi an sake bi sai ya zana hanya da kansa. Ga unguwa irin tasu, da rufin kwano ya rufe lunguna har hoton sama ba ya nuna su, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sai dai ana bukatar sawu don gwaji. Al'adar gayya kuwa ita ce wanda ya rubuta abu shi ke fara miƙa nasa. Saminu ya ɗaga murya ya ce wa ke da sawun New Bell. Zaituna ta miƙa na wayarta duka, tana alfahari, domin tun da ta shiga harkar ba ta taɓa kashe na'urar ajiye sawun ba. Aka kunna babban allo. Filin toka ya cika da zare-zaren hanyoyi, zaure ya ɗauki tafi. Babu wanda ya tambayi ta ina mace ke bi a unguwar Hausawa, ita kanta da ta sani murna ta rufe mata ido.

Ba a yi nisa ba abin ya fara wari. Masu manhajar aiken kaya sun kwafi taswirar, kamar yadda aka yarje wa kowa. Wata ranar Talata Goggo Asibi na zaune tsakar gida da ɗaurin ƙirji, ana taje mata kai, sai ga ɗan bensikin, wato ɗan acaɓar Douala, ya turo kan babur ta ƙofar baya da kwali a ɗaure. Mata suka watse cikin ɗakuna. Goggo da ba ta gani sosai ta tsaya tana laluben zane. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ɗaga waya yana nuna musu shuɗin layi.

"C'est la route, madame," in ji shi. Hanya ce, waya ta faɗa.

Bayansa wasu suka biyo. Da suka gane ana tsallake cunkoson bakin kasuwa ta nan, sai suka riƙa gaya wa juna. Aka taka tabarmar salla, aka ture tukunyar koko, aka tsinke igiyar shanya.

Baffa Jibirin, ƙanen uban Zaituna kuma babba a gidajen biyu, ya sa aka kira ta zaure. Tsohon direban tirela ne, ba ya son dogon bayani.

"An ce aikinki ne."

"Kuskure ne, Baffa. Zan gyara."

"Ni ban san waya ba, na san bulo da siminti. Ƙato ya ga yayata ba mayafi, kina ce mini kuskure."

"Baffa, in ka toshe ƙofar nan, Inna fa? Ka san ƙafarta."

Ya ja carbinsa, sannan ya ce ya ba ta lokaci, amma haƙurinsa ba mai yawa ba ne.

Ta koma ta goge layin daga taswira. Kafin ta gama shan shayin safe wani ɗan sa kai daga wata ƙasa mai sanyi, wanda bai taɓa shaƙar warin kwatar New Bell ba, ya mayar da shi, har da yi mata nasiha cikin ladabi cewa ba a goge abin da sawu ya tabbatar. Ta sake gogewa, manhajar da ta rubuta da hannunta ta sake zanawa, domin yanzu sawun 'yan bensikin ma ya taru a kai. Ta sa wa layin alamar cewa hanyar cikin gida ce. Masu aiken kaya ba su ma san ta yi ba, tsohon kwafinsu suke ci gaba da amfani da shi. Ranar ta yi jifa da linzamin kwamfuta har ya fashe.

Ta sami Saminu a ofishinsa.

"Saminu, ka san ƙofofin nan. Uwarka ta bi su da cikinka."

"Na sani, Zaituna. Mais c'est la règle, ƙa'ida ce. Abin da ke ƙasa shi ke hawa taswira. In muka fara ɓoye wannan, gobe wani zai ce a ɓoye nasa."

"To a ɓoye mana! Tsakar gidan mutane ne."

"Ki rubuto gyara. Sai dai wannan ya taɓa ƙa'idar aikin gaba ɗaya, ba zan shigar ni kaɗai ba. A kawo shi gayya, kowa ya ce nasa."

Gayya kuwa sai bayan damina. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Saminu ba mugu ba ne. Da mugu ne da ta zage shi ta huta. Mutum ne da ya yarda cewa in aka bi tsari komai zai daidaita, kuma tsarin bai san akwai tsohuwa mai ɗaurin ƙirji a duniya ba. Mutanen nan da za su kwashe yini suna gardama a kan inda ya kamata a sa waƙafi, su ne ke ce mata ta yi haƙuri ta jira layi.

Ta jira, amma ba a zaune ba. Ta bi ofisoshin masu aiken kaya, aka riƙa yi mata alkawarin za a duba. Ta rataya kwali a bakin lungu da Faransanci cewa ba hanya, ruwan sama ya jiƙe shi ya zube. Ta sa aka kafa turke a ƙofar, 'yan bensikin suka tuge shi. Duk safiya kafin ta tafi aiki sai ta durƙusa ta gaida Baffa Jibirin ta ƙara roƙonsa, har ya daina ɗaga kai in tana magana.

Da gayya ta zo, ta shiga zauren da gyaranta a shirye: manhajar ta daina zana hanya a inda sawu ya ratsa cikin gida, sai mutanen gidan sun yarda, kuma a share waɗanda aka riga aka zana. Aka yi ta kai-kawo. Wani ɗan Yaoundé ya ce wannan zai rage cikar taswira. Wata Baturiya ta ce abin sha'awa ne ƙwarai, ya kamata a gabatar da shi a babban taron ƙasa da ƙasa. Nan Zaituna ta miƙe.

"Ba abin sha'awa ba ne," in ji ta da Faransanci. "Gidan goggona ne. Ni na ba ku sawun, ni na rubuta abin da ya zana shi, kuka tafa mini. Kun ce taswirar ta kowa ce. Matan da kuka bi ta tsakar gidansu ba a cikin kowa suke ba? Wa ya tambaye su? Ko ni da na fito daga cikinsu ban tambaye su ba."

Saminu ya cire tabarau ya goge, ya karanta gyaran layi bayan layi, ya nemi ta canza sunan wani abu guda, ta canza tana cije leɓe. Sannan ya danna ya shigar. A babban allo zare-zaren da suka ratsa gidaje suka ɓace. Aka sake tafawa, tafi irin na bara, har wani ya ɗauke ta hoto.

Ba ta tsaya cin fanke ba. Ta hau bensikin zuwa gida ana kiran la'asar, ta shiga da sallama tana shirin ba da labari. A bayan gida, inda ƙofar take, ta tarar da bulo jere har sama da kanta, simintin ko bushewa bai yi ba. Da safen nan wani babur ya bangaje jikar maƙwabta a tsakar gidan Goggo, Baffa Jibirin bai ko nemi Zaituna ba, magini ya nema. Maƙwabta da suka ga haka su ma suka kama nasu. Daga inda take tsaye tana jin ƙarar guduma a kan langa-langa, gida bayan gida, har ƙarshen layi.

Inna Zulaiha na zaune a kujerarta ta tsugunno kusa da sabon bangon, da kwanon tuwo a rufe a kan cinyarta. Ga alama tun azahar take nan.

"Inna, na gyara," in ji Zaituna. "An cire. Wallahi an cire."

"To, madalla."

"Zan yi wa Baffa magana. Siminti ne, ana fasawa."

Su biyun sun san Baffa Jibirin, kuma sun san ba bango ɗaya ba ne yanzu. Inna ta miƙo kwanon da hannu biyu.

"Ungo, zagaya ta titi ki kai wa goggonki, ya huce. Ki ɗaga murya in za ki gaya mata, kin san kunnenta. Ki ce ba fushi na yi ba, ƙafar ce ba za ta kai ni ba."