Kunkurun da Munji Ya Ƙi Jefawa

Shekara talatin muna shiga kwalekwale ɗaya da Munji a nan tsibirin Ƙarƙanna, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Tun zamanin da mutanenmu ke yanka kunkurun teku idan ya faɗa taru, shi ba ya ci, ba ya sayarwa. Da ya warware shi daga zaren, ko yana motsi ko ba ya yi, sai ya cilla shi ruwa ya ce, "Ka gaida gida." Da wannan yake taƙama a wurin shan shayi, har mun gaji da ji.

Bara 'yarsa Wafa ta dawo daga karatun halittun ruwa a birnin Safaƙis, ta biyo mu kamun kifin safe. Muka jawo taru, sai ga wani ƙaton kunkuru, wuya a sake. Munji ya cicciɓe shi.

"Baba, tsaya!" in ji Wafa. "Suma ya yi. Iska yake shaƙa kamar mu. In ka jefa shi haka, nutsewa zai yi ya mutu."

"Ke, ni za ki koya wa teku?"

"Don Allah, Baba. Yau kaɗai."

Ta sa muka ɗora wajen wutsiyarsa kan naɗin igiya don ruwa ya fito masa, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Rana ta take, kifinmu ya fara laushi. Na ce, "Malam, mu da za mu kasuwa mun koma 'yan jinya?" Munji ko kallona bai yi ba. Idonsa na kan kunkurun, kuma wallahi na ga tsoro a fuskarsa. In ya farfaɗo, to yarinyar ce mai gaskiya.

Wajen la'asar kunkurun ya amayar da ruwa, ya ja numfashi, ya shiga dukan katako. Muka zura shi ruwa a hankali, ya yi gaba abinsa.

Munji ya bi shi da kallo har ya ɓace. Can ya ce, "Wafa, su waɗancan fa, da na jefa ba sa motsi?"

Ta sunkuyar da kai. Ni ma tausayinsa ya kama ni.

Har yau in kunkuru ya suma a taru, Munji yana zaman jinyarsa, wani lokaci yini guda. Amma ban sake jin ya ce wa ko ɗaya ya gaida gida ba.